Kaset ɗin Yayar Malama Rosa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa na so mantawar, don matan da suka ga abin da idonsu sun kai talatin, kuma har yau babu wadda bakinta ya gaji a cikinsu.

Sana'ata gyaran tsofaffin kaset-kaset na bidiyo. Ina da ɗan shago a unguwar Gamboru, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da batir. Da can sana'ar ta mutu murus, sai ƙuda ke leƙo ni. Da ambaliyar ruwan nan ta shiga gari ta jiƙa wa mutane akwatuna, sai kowa ya tuna yana da kaset ɗin bikinsa ko na dawowar tsohonsa daga Makka. Aikin ba wuya sai haƙuri: a buɗe kaset, a goge fumfuna da auduga da sifirit, a shanya zaren a inuwa, a liƙa inda ya tsinke, sannan a juye a kwamfuta a ba mutum abinsa a filas.

To, ga inda halina yake. Kaset ɗaya awa uku ne, ni kuwa Allah bai yi ni da zama ba. Sai na ƙirƙiro wa kaina dabara: in duba minti biyar na farko, in tsallaka in duba biyar na ƙarshe. In kai lafiya, ƙafa lafiya, to ciki ma lafiya. (Kada ku ga laifina da yawa. Duk kaset ɗin biki ɗaya ne: amarya na kuka, 'yan mata na rawa, wani kawu na kallon kyamara kamar an kama shi da akuyar mutane.) Shekara da shekaru ina haka, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Surukata kuwa, Hajiya Falmata, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, gidanta na unguwar Gomari. Shekara tara ina auren 'yarta Yagana, amma sunana a bakinta bai wuce "mai kaset" ba. Mijin babbar 'yarta likita ne, na ƙaramar kuma injiniya. In an zo taron gida, su ake tambaya shawara, ni kuma a ce in duba me ya sa talabijin ke yin ruwa-ruwa. Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. Babu abin da nake nema a duniya kamar ranar da Hajiya za ta ɗauke ni mutum.

Ranar ta zo. Hajiya ta aiko a kira ni. Na zauna a bakin ƙofar falo, kai a ƙasa, na yi "wushe, wushe" na, irin gaisuwarmu ta nan, kusan sau goma. Yagana tana tsakaninmu, don Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye, ko da taku biyu ne tsakanina da ita.

Ta ciro wani kaset daga cikin tsohuwar lafaya, duk ya yi fari da fumfuna, ta ba mu labarinsa. A zamanin da gwamnati ke ɗauko malamai daga ƙasar Filifin, akwai wata Malama Rosa da ta koya musu lissafi a makarantar kwana ta 'yan mata. Hajiya ce 'yar gaban goshinta. Ranar da Malama za ta koma ƙasarsu, ta damƙa mata wannan kaset ta ce, "Fim ɗin yayata ne. Ba zan iya komawa gida da shi ba, ba kuma zan iya ƙona shi ba. Ki ajiye min." Kusan shekara arba'in yana ƙasan akwati, Hajiya ba ta taɓa sa shi a bidiyo ba. Yanzu labari ya zo Malama ta rasu, tsofaffin ɗalibanta za su taru a gidan Hajiya su tuna da ita.

"Ki gaya masa ya gyara," in ji Hajiya. "Sannan ya zauna ya kalla tun daga farko har ƙarshe, ya gaya min ko abu ne da za a nuna wa mata. Ki gaya masa amana ce."

Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." A raina kuwa har na ga likita da injiniya suna matsa min wuri a kan kujera.

Gyaran dai na yi shi, wannan kam ba wanda zai ƙwace min. Kwana biyar ina bin zaren nan taku-taku da auduga. Da na juye shi, hoto ya fito tar, har da fassarar Turanci a ƙasa. Na duba farko: gonakin shinkafa kore shar, wata budurwa da malafa, uwarta na kuka a tashar mota. Na tsallaka ƙarshe: ƙararrawar coci, ana ruwan sama, ana ɗauke da gawa. Na ce shi ke nan, irin fina-finan Filifin ɗin nan ne da Yagana ke kallo tana ƙona mana miya, a yi wata shida ana soyayya ba a ko riƙe hannu ba. Na kashe kwamfuta na tafi cin tsire.

Washegari na je Gomari na ba da rahoto. Da na tsaya a "lafiya lau ne", da da sauƙi. Amma bakina, da ya ga Hajiya na saurare, sai ya ƙi tsayawa.

"Ki gaya wa Hajiya sau biyu na kalla," na ce wa Yagana. "Har hawaye na yi. Fim ne na tarbiyya, ko 'yan firamare za a iya tara wa."

Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla." Wallahi kalmar nan ta yi min daɗi fiye da ranar da aka ɗaura min aure. (Yagana, in kina karanta wannan, ki yi haƙuri.)

Sai aka ƙara min girma. Akwai wata Marites a can Filifin, ɗiyar ita yayar Malama ɗin da ta fito a fim, ita ce ma ta aiko da labarin rasuwar. Aka ba ni lambarta tunda ni ne mai kaset. Da na tura mata hoton rubutun da ke jikinsa, sai ga saƙon murya tana kuka. Ashe tana cikin wasu mutane da ke bin tsofaffin fina-finan ƙasarsu suna ceto su kafin su ruɓe, kuma wannan na mahaifiyarta sun daɗe da fid da rai, sun ɗauka ko ɗaya bai rage a duniya ba. Na gaya mata za mu nuna shi ga iyayenmu mata ranar Asabar.

Ta rubuto, "A gaban jama'a? Kun tabbata?"

Na amsa, "Mu mutanen Borno masu son al'adun mutane ne."

Ta sake rubutowa, "Ka dai kalle shi duka ko?"

Na ce, "Sau biyu."

Ta ce ashe ba ta san mu ba, ta roƙi a kira ta a bidiyo ranar don ta gani tare da mu. Sannan ta turo wani dogon bayani kan fim ɗin, irin wanda sai ka ja yatsa sau takwas kafin ka kai ƙarshe. Na karanta layi biyu na sama, na ga "tarihi", na ga "talakawa", na ga "zamanin danniya". Na ce wannan ya ishe ni jawabi.

Asabar bayan la'asar na iso da sabuwar babbar riga ta farar shadda, wadda na ɗinka don Sallah amma na ga wannan rana ta fi Sallah. Falon Hajiya ya cika. An kwashe kujeru an shimfiɗa darduma, mata sun zauna gwiwa da gwiwa, turaren wuta har ba ka ganin silin. Ƙaramarsu ta haura hamsin da biyar. Akwai hajiyoyi masu carbi, akwai tsohuwar alƙaliya, akwai Mama Ngozi mai shagon atamfa, wadda aka haifa a garin nan kuma suka yi aji ɗaya da Hajiya. Na ɗaura farin zanen gado a bango, na ajiye majigin da na aro a kan ɗan tebur a tsakiyar mata, na jingina wayar Yagana kusa da shi don Marites ta ga bango. Aka saki labule. Ni kuma na koma gaba, gefen zanen, da makirfo a hannu ɗaya, rimot a ɗaya, don ni zan riƙa fassara musu da Hausa.

Na yi jawabi. Kai, na yi jawabi! Na ce fim madubin al'umma ne. Na ce abin da za su gani yau darasi ne ga kowace uwa. Na ce ina roƙonsu su buɗe ido da kyau kada komai ya wuce su. (Wannan jimlar ita ce har yau in na tuna nake cusa kai cikin filo.)

Minti ashirin na farko sun tafi sumul. Budurwa ta bar ƙauye, ta isa birni, ta rasa aiki, ta kwana da yunwa. Mata na cewa "Allah sarki". Mama Ngozi ta ce, "Wallahi hancin Malama ne sak." Har Hajiya na ga ta share ido da gefen lafaya. Sai yarinyar ta samu aiki a wani wuri mai jajayen fitilu. Na fassara musu da gidan abinci, ko da yake ban ga mai cin komai ba. Mai wurin ya kira ta sama. Kiɗa ya canza, ya koma wata busa mai jan rai a hankali.

Ban damu ba. Na taso da fim ɗin Indiya, na san in an zo irin wannan wuri kyamara kan juya ta nuna furanni biyu ko tsuntsaye a kan reshe. Na tsaya ina jiran furanni. Ashe kyamarar mutanen nan ba ta san furanni ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne ban daina fassara ba. Idona na kan rubutun ƙasa, bakina na aiki. "Yana cewa akwai zafi a ɗakin. Tana cewa e, akwai zafi. Yana cewa..." Sai rubutu ya ƙare, ba wanda ke cewa komai. Na ɗaga kai na dubi zanen.

Jama'a, ba zan faɗi abin da na gani ba. Abin da zan iya cewa kawai, duk kayan da aka shigo da su ɗakin nan suna ƙasa.

Falo ya yi tsit, har ƙarar carbin wata da ya faɗi na ji. Sai tsohuwar alƙaliya ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar mai karanta hukunci. Na danna rimot. Ashe wurin ƙara murya na danna. Busar nan ta cika gidan har tsakar gida. Na dubi majigi, yana can tsakiyar mata, kafin in kai gare shi sai na tsallake ƙafafun hajiyoyi goma sha biyar, ciki har da na surukata. Ƙwaƙwalwata ta ce min abu ɗaya ya rage: ka rufe.

Na yi tsalle na tsaya a gaban zanen, na ware hannuwa biyu, na baza babbar riga iya faɗinta, na runtse ido. A raina na zama gwarzo, na tare wa iyayena abin kunya da jikina. Na ji salati ya ƙaru maimakon ya ragu, amma na ɗauka na godiya ne.

Sai muryar Mama Ngozi: "Chineke! Ɗana, sauke hannun nan! Yanzu ma ya fi fitowa!"

Na buɗe ido na dubi ƙirjina. Ni da nake sana'ar hoto, na manta haske daga gaba yake zuwa. Farar shadda mai ƙyalli, ta sha guga, ta fi zanen gadon Hajiya kyau nesa ba kusa ba. Komai na nan a kaina, daga wuya zuwa gwiwa, yana motsi a kan aikin da mai ɗinki ya yi wata guda yana yi. Don ruɗewa sai na juya musu baya. Ya koma bayana.

Yagana ce ta yi rarrafe ta fizge wayar wuta. Ɗaki ya yi duhu. A cikin shirun nan ba abin da ake ji sai ƙaramar murya daga waya, Marites tana kuka tana cewa da Turanci, "Mamata ce. Ban taɓa ganin ta tana yarinya ba. Na gode, na gode."

Hajiya ta ce, "A ɗaga labule. A kawo abinci."

Ni dai ta ƙofar kicin na fita. Na naɗe rigar na cusa a hammata, na tari Keke da singileti.

Kwana uku ban je shago ba. Yagana ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Sai dai in ji ta a kicin ita kaɗai ta fashe da dariya, in na leƙa ta ce albasa ce. A rana ta huɗu Hajiya ta aiko. Na tafi kamar mai zuwa karɓar sakamakon asibiti. Na zauna a wurina na bakin ƙofa.

"Ki tambaye shi, sau nawa ya ce ya kalla?"

"Sau biyu, Hajiya."

"Ki tambaye shi, a daidai ina ya yi hawayen?"

Na dubi darduma. Na ga babu inda zan bi. Na ce ban kalla ba. Na faɗi dabarar minti biyar, na faɗi tsiren ma, don in mutum ya fara zubewa gara ya zube duka.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi." Na ɗago da mamaki. Ta ci gaba, tana kallon Yagana: "Cikin biyu ɗaya ne. Ko ya kalla ya ga ba komai a nuna wa iyayensa, ko bai kalla ba ya ce ya kalla. Kwana uku ina roƙon Allah Ya sa maƙaryaci na ba 'yata."

Ban taɓa jin an gode wa Allah a kaina ta wannan hanya ba.

Sannan ta ce in ciro dogon saƙon nan na Marites in fassara mata, kalma-kalma, ba tsallake. Na fara. A layi na uku, wanda ban kai gare shi ba a da, an rubuta ƙarara cewa fim ɗin na manya ne, akwai tsiraici a wuri huɗu. Ta bayyana cewa a wancan zamani an yi irinsu da yawa a ƙasarsu, mutane na cika silima don su, suna kuma tofa wa matan da suka fito a ciki yawu a hanya. Yawancinsu shara ne, in ji ta, amma wasu masu shirya fim sun gane cewa ta wannan ƙofar kaɗai masu silima za su karɓi labarin talaka, sai suka cusa abin da ba a isa a faɗa a fili ba: yadda birni ke cinye 'ya'yan manoma, da waɗanda ke cin riba. Shi ya sa yanzu ake nemansu ana gyarawa, ana sake dubansu da wani ido. Mahaifiyarta kuwa, bayan fim ɗin, danginta sun daina ambaton sunanta, har ta mutu ba a zauna da ita a coci ba. Amma da abin da ta samu a ciki ta kai ƙanwarta Rosa makarantar horon malamai.

Na kai ƙarshe. Hajiya ta daɗe tana jan carbi.

"Malama ta koya min lissafi," ta ce. "Ni na koyar da uwayen rabin unguwar nan. Ashe duk daga hannun waccan baiwar Allah abin ya taso, ba mu sani ba. Ban ce abin da ta yi daidai ne ba, Allah ne mai hukunci. Amma ita ta san abin da ta tuɓe dominsa. Ki tambaye shi, shi don me ya tuɓe a gabanmu?"

Yagana ba ta tambaye ni ba.

Hajiya ta sa na aika wa Marites fim ɗin cikakke, ba a yanke ko daƙiƙa ba, ta ce hakkinta ne. Ta kuma sa na zauna na kalle shi duka ni kaɗai, na rubuta mata wuraren da za a tsallake. Fim ne mai nauyi, na rantse, yarinyar nan ta iya kallon kyamara ta sa ka ji kai ne ka cuce ta. Mata sun sake taruwa sun ƙarasa shi, Mama Ngozi ce ta riƙe rimot da takardata. Ni ba a gayyace ni ba.

Bayan wata biyu, wani dattijo da ke taɓa irin sana'ata a Bulabulin, Malam Bukar, ya shigo shagona yana waige-waige. Ya ce wata hajiya daga Gomari ta kawo masa kaset, ruwa ya ci shi, ya yi iya yinsa ya kasa, ta kuma ja masa kunne kada ya kai Gamboru. Ya roƙe ni in taimaka, magana ta tsaya tsakaninmu. Na juya kaset ɗin na ga rubutun hannun Hajiya. Walimar marigayi mijinta ce, ranar da ya sauke Alƙur'ani da girmansa, kuma Yagana ta sha gaya min nan ne kaɗai muryarsa ta rage a duniya. Wannan ne abin da ta fi so a cikin akwatin, ta tsallake ni da shi ta kai wa wanda bai iya liƙa zare ba.

Na karɓa. Kwana tara na yi a kansa. Da ya fito, na rufe shago na zauna na kalle shi tun daga bisimilla har tashi, awa uku cur, har da wurin da mai kyamara ya manta ya bar ta tana ɗaukar takalman mutane. Malam Bukar ya kai mata, ta sa masa albarka, har ta aika masa da turare. Yagana ta dawo gida tana cewa, "Ka ga aikin masu tsoron Allah."

Na ce, "Gaskiya ne, ya iya."

Abin da na koya shi ne, amana ba a duba ta kai da ƙafa a ce ciki lafiya. Yanzu kowane kaset sai na kalle shi tas kafin in buɗe baki. Sai dai tun daga ranar, babu wanda ya sake tambaya ta ko na kalla.